Sabon Idon Abu Sattar

Ni dai tun farko na ce a bar wa mutumin nan idonsa yadda yake, amma wa ke jin maganar tsohuwa? Ɗanmu Sattar ya zo daga Nasiriyya da mota, ya kwashi ubansa sai asibiti, aka cire masa yanar ido, na dama wannan wata, na hagu wata mai zuwa. Ranar da aka kwance bandeji na biyu ina tsaye a gabansa da sabuwar abayata. Ya buɗe ido, ya dube ni sama da ƙasa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ummu Sattar, yaushe kika zama haka?"

Na ce, "Ranar da ka zama haka. A ba shi madubi."

Aka ba shi. Ya duba sau ɗaya, ya kifa madubin, muka nufi mota.

Mijina ke nan, Mizhir, Abu Sattar. Shekara hamsin yana sukar kifi da fala a ruwan Hor, babbar fadamar nan tamu mai kara. Fala gora ce mai tsawon mutum biyu, da haƙoran ƙarfe biyar a baki. A gidansu namiji ba ya taɓa taru, wai taru aikin wanda ba shi da hannu ne. Yau kowa ya watsar da wannan magana, manyan mutane ma taru suke ja ba kunya, amma shi ko da wasa ka ce masa taru sai ya tofar da yawu. Shekara goma yanar nan tana rufe masa ido, ni kaina sai na yi magana yake gane ni. Amma in ya tsaya a goshin kwale-kwale, abokinsa Dagir yana tuƙi a baya, da wata 'yar inuwa ta gilma a ruwa sai ka ji cak. Da wuya ya jefa sau biyu bai ɗago ɗaya ba.

To, ga sabon ido ya zo. Wayyo ni Nashmiya! Mutumin nan ya ga tururuwa a sukari. Ya ga tsagar da ke jikin tukunyata tun shekarar da na haifi auta. Ya ga ashe tabarmar da yake salla a kai ja ce, shi duk a zatonsa ruwan ƙasa ce. Likita ya ba shi baƙin tabarau saboda rana, tabarau ɗin kuma ya kashe masa ƙyallin nan da ke saman ruwa, sai ya wuni tsugune a bakin gida yana leƙe kamar wanda ya jefar da kuɗinsa.

"Har ƙasa nake gani, Ummu Sattar! Ciyawa, laka, dodon koɗi. Ɗazu wani kifi bunni ya wuce ta gindin gida, wallahi har ƙwayar idonsa na gani."

"To, Allah ya sa mu ga namansa."

Da kwana arba'in ɗin da likita ya ɗiba suka cika, ya saɓa falarsa, shi da Dagir suka fita tun da safe. Ni kuwa na hura wuta, na jera garwashi, na yanka albasa. Sai azahar suka dawo. Tun daga nesa Dagir ke ɗaga murya.

"Ummu Sattar, ki ɗora shinkafa kawai! Yau kifi bakwai muka gaisa da su, duk sun ce a gaishe ki."

Mijina ya sauko bai dubi kowa ba. Ya ce fala ce ta tanƙware saboda ajiya. Ya gasa ta a wuta, ya miƙe ta, ya ɗaga ta yana duba ta da ido ɗaya. Washegari ya ce Dagir ne ke girgiza jirgi. Rana ta uku ya ce kifin bana sun yi wayo. Sati biyu cur ana haka. Kullum maganarsa ɗaya: yana ganin kifin ɓaro-ɓaro, ya auna tsakiyar bayansa, ya saki, sai fala ta wuce ta samansa, kifi ya kaɗa wutsiya ya yi gaba abinsa.

Shi kuwa Sattar ga shi a waya safe da yamma. "Baba, ya isa haka. Ga ɗaki na gyara muku a hawa na uku, da na'urar sanyaya ɗaki, da famfo. Ka ciyar da mu, yanzu ka bari mu ciyar da kai." Uban ya kan miƙo mini wayar ya fita.

Baki shi ke yanka wuya. Ranar Lahadi maza na shan gahawa a zauren kara na unguwa, Dagir ya ga mijina ya shigo, sai ya ce, "Kifi na ganinka, mai baƙin tabarau!" Aka fashe da dariya. Wani kuma, da zuciya ɗaya, ya ce yana da tsohon taru a ajiye in ana so. Wannan ce ta ƙona shi. Ya miƙe tsaye da kofi a hannu, ya rantse a gaban mutum ashirin cewa in aka kira sallar Juma'a bai soki kifi da fala ba, to zamansa a Hor ya ƙare, zai bi ɗansa birni.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Kuma bari in faɗi gaskiya, tunda ni nake ba da labarin: da na ji, sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa na taka rawa. Abin nema ya samu! Shekara arba'in da uku ina tatsar ɓauna, irin ta gida da muke kiwo, kafin rana ta fito, ina yankan kara ruwa har ƙugu, ina manna kashin ɓauna a bango don na hura wuta. Gwiwoyina in na tashi har ƙara suke. Sauro ya ci rabona ya ci na 'ya'yana. Na taɓa kwana uku a gidan Sattar, na ga injin da ake zuba wa kaya ya wanke da kansa, mutum na zaune yana shan shayi. Ga jikokina huɗu da sai salla-salla nake ganinsu. Ina son tafiya, ina so ƙwarai. A ranar na fara ɗaure kayana a ɓoye ina turawa ƙarƙashin gado.

Ranar Talata sai ga Azhar, matar Sattar, ta zo auna mana abin da za a ɗauka da wanda za a bari. 'Yar ƙanen mijina ce, a hannuna ta yi wayo, yanzu kuma malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata. Ta tarar da baffanta zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ta tambaye shi yadda abin yake faruwa, ya gaya mata a gajarce. Sai ta yi murmushi.

"Inna, ara mini zobenki da kwanon can."

Ta sa zobena a cikin kwano ba ruwa, ta ajiye a ƙasa. "Baffa, ja da baya. Ƙara. Kana ganin zoben?"

"Bakin kwano ya tare shi."

"To tsaya nan, kar ka motsa."

Ta ɗauko buta tana tsiyaya ruwa a hankali. Ruwa na hawa, sai na ga mijina ya zaro ido.

"A'uzu billahi! Ya taso!"

"Bai taso ba, Baffa, yana nan inda na ajiye shi. Hasken da ke tasowa daga jikinsa ne ya sha kwana. Haske a iska gudunsa daban, a ruwa daban, a ruwa ya fi nauyin jiki. In ya taso a karkace ya iso saman ruwa zai fita iska, sai ya tanƙware. Shi kuwa ido bai san da wannan kwana ba, a miƙe yake bin sawu. Sai ya ajiye maka abin sama da inda yake." Ta tsoma cokali a kofin ruwa ta ɗaga masa. "Ka ga ya karye? To bai karye ba. Kifin da kake gani, ba a nan yake ba, yana ƙasa da haka."

"To shekara hamsin ɗin nan wa nake suka? Aljanu?"

"Hannunka ne ya koyi sauka da kansa, ba ka ma san yana yi ba. Da ido ya yi rauni, sai ya bar wa hannu aikinsa. Yanzu ido ya samu ƙarfi, ya ga kifi tas, ya ce shi ne mai gida."

Na ga maganar ta shige shi. Ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya ce, "To nawa zan sauke? Taƙi ɗaya? Biyu?"

"Ya danganta. Zurfin kifin, nisansa da kai, tsayinka a kan jirgi..." Ta zaro biro daga jaka ta fara zane a bayan kwalin shayi, layi nan, layi can, da wasu haruffa.

"Azhar."

"Na'am, Baffa."

"Shi kifin zai tsaya ya jira ki gama?"

Ya ɗauki tabarau ɗinsa ya fice. Tana kiransa ko waiwaye. Ta juyo gare ni tana dariya. "Bai bari na ƙarasa ba. Akwai wuri ɗaya da haske ba ya shan kwana, Inna. In kana tsaye daidai a kan abu kana kallonsa ta sama, a miƙe yake fitowa. Zurfin ne kawai zai ruɗe ka, amma inda ka gan shi, nan yake."

Ni kuwa wannan ai na san shi. Cokali nawa ya suɓuce mini a bakin ruwa ina wanke-wanke? In ka miƙa hannu daga gefe sai ka damƙi laka. Sai ka ranƙwafa a kansa sosai, ka nutsa hannu ya wuce inda kake zato, sannan ka same shi. Kowace mace a Hor ta san wannan. Maza ne ba sa wanke-wanke.

"Ki gaya masa, Inna."

"Zan gaya masa. Sha shayinki kar ya huce."

Ban gaya masa ba. Allah na gani, ban gaya masa ba.

Laraba ya fita da sabon ilimi. Yanzu ya san dole ya sauke, sai ya tsaya yana tunani, ya sauke da yawa. Dagir ya ce sau uku fala tana kafewa a laka, sai sun taru su biyu suke cire ta, na huɗun kuwa saura ƙiris mijina ya bi ta. "Da ta sama yake wucewa, yanzu ta ƙasa. In Allah ya ja kwana, nan da shekara biyu zai dace da tsakiya." Alhamis ma haka. Ni kuwa na ƙara ɗaure ƙunshi biyu, har na je na yi wa maƙwabciya maganar ɓaunata.

Da la'asar ɗin Alhamis na fito zan kwashe shanya, na same shi a bayan gida zaune a kan kifaffen kwale-kwale, fala a kan cinyarsa, yana shafa mata mai da tsumma. Haƙori ɗaya-ɗaya yake bi. Bai ɗago ba ya ce, "Ummu Sattar, ke da kika kwana a ɗakin nan na Sattar, tsawonsa zai ɗauki fala?"

Na auna ɗakin a raina. Gado, kabad, taga. Na ce, "Ba zai ɗauka ba."

"Ko a kwance? Ta kusurwa zuwa kusurwa?"

"Matakalar ma ba za ta juya da ita ba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To gobe in mun dawo ki aro mini zarto. In na raba ta biyu za ta shiga ƙarƙashin gado."

Ba kuka ya yi ba, da ma kukan ya yi. A hankali ya faɗa, yadda yake cewa in miƙo masa gishiri. Na tsaya da kayan shanya a hannu. Na ga mutumin nan a hawa na uku, zaune a bakin taga da sabon idonsa, yana kallon motoci. Haushi ya kama ni, haushinsa, haushin kaina, haushin likita, har da haushin Azhar da biro ɗinta. Na shiga ɗaki na harbi ƙunshin kayana da ƙafa, gwiwata ta amsa.

Juma'a da safe Dagir ya iso da gorar tuƙi a kafaɗa. Ya tarar da ni zaune a bayan jirgi da tawa gorar.

"A'a! Ummu Sattar, ina zuwa?"

"Koma ka sha shayi. Sati uku kana tuƙa shi, bakinka kawai ke kama kifi."

"Mace za ta tuƙa mai fala? Abu Sattar, ka ji fa!"

Mijina ya dube ni ta cikin baƙin tabarau. Ina jin ya ga ba fuskar wasa, sai ya ɗaga kafaɗa. "Ranar ƙarshe ce. Bar ta ta ga da idonta." Ya hau goshin jirgi, muka bar Dagir a tsaye yana tafa hannu.

Na bi ta lungun da nake yankan kara, wanda maza ba sa shiga don ya yi musu ƙunci. Can ciki akwai wani ɗan fili, ruwansa garai-garai, kifi na son kwanciya a gindin ciyawarsa in rana ta ɗaga. Na zagaya ta yamma na juyo da goshin jirgi gabas, don inuwarmu ta faɗi a bayanmu, kar ta riga mu isa.

"Ke, kin sa mini rana a ido! Ba abin da nake gani sai walƙiya. Wa ya koya miki tuƙi?"

"Yi shiru."

"Ruwan duk ya zama madubi, ta ina zan..."

"Na ce yi shiru. Kar ka dubi gaba. Dubi ƙafarka."

Na tura sau ɗaya, na ɗaga gora daga ruwa, na bar jirgi yana silalewa da kansa. Ko numfashi ba na yi da ƙarfi. Kara na gogar gefen jirgi a hankali. Na ga kansa ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, sai bayansa ya sandare.

"Ga shi," ya faɗa da raɗa. "A ƙarƙashina. Ya yi kusa da yawa, ba a jifa daga nan."

"Ba jifa za ka yi ba. Tsayar da ita a miƙe. Inda ka gan shi nan yake, amma ya fi haka zurfi. Ka danna kamar za ka huda ƙasa."

Ya tsayar da fala. Ya ce bismillah, ya danna da dukan nauyinsa. Ruwa ya dagule, jirgi ya karkata har sai da na cusa gora a laka na riƙe mu. Sai ga shi yana ɗagowa, gorar falar na makyarkyata, a bakinta wani kifi gattan mai tsawon hannuna yana ta fisga, ruwa na fallatsa masa a tabarau.

Mutumin nan ɗan shekara sittin da takwas ya yi ihu irin na yara. "Kin gani? Kin gani, Ummu Sattar? A tsakiyar baya!"

"Na gani. Zauna kafin ka kifar da mu."

Ya zauna yana haki, yana dariya, yana shafa kifin. Na juya jirgi muka kama hanyar gida. Rana ta ɗaga sosai, amma da sauran lokaci kafin salla. Mun yi nisa kaɗan sai dariyar ta tsaya. Ya cire tabarau, ya juyo gaba ɗaya yana fuskantata.

"Wannan dabarar, yaushe kika san ta?"

"Tun Talata. Kai, tun ina amarya ma, amma Talata na san tana da amfani."

"Talata." Ya ƙirga da yatsu. "Laraba, Alhamis. Kina kallona ina kafa fala a laka."

"Ina kallonka."

"Na ga ƙunshin da ke ƙarƙashin gado. Yanzu ina gani, kin manta?" Ya dubi gwiwoyina, ya dubi hannuwana a kan gora. "Kina son tafiya."

"Ina so. Har yanzu ina so."

Ya sauke ido kan kifin. Muna dab da fita daga lungun, har ina jiyo muryoyin maza a bakin zaure. Sai ya zare kifin daga haƙoran fala, ya riƙe shi ta wuya, ya miƙa hannu ya rataya shi a kan ruwa.

"Ba wanda ya gani," ya ce. "Daga ni sai ke. In na buɗe hannu, da la'asar muna cikin motar Sattar."

Kuma da gaske yake, na san fuskarsa. Yatsunsa har sun fara saki. Idona ya cika, ban ma ga gabana sosai ba. Na tuna injin wanki, na tuna jikokina. Na danna gora a laka da duk ƙarfin da ya rage mini, jirgi ya yi tsalle ya fito fili, a gaban zaure, inda maza ke zaune a inuwa suna jiran kiran salla.

"Dagir!" na ƙwala. "Kai Dagir, mai dogon baki! Taso ka ga kifi!"